Murfin Kwamfuta da Ikon Mai Ita: Tarihin Wata Haja a Hanyar Jibiya

Hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi yamma, ta bi ta ƙasar Jibiya, ta ƙetare a Magama zuwa Ɗan Isa har ta dire a Maraɗi, ta girmi iyakar da aka gitta mata da shekaru masu yawa. Kuma duk wanda ya so ya fahimci wata haja daga cikin hajojin da ake saye da sayarwa a kanta yau, ko da kuwa maganar ba ta wuce ta murfin kwamfuta ba, lalle ne ya fara da sanin yadda hanyar ta zama abin da ta zama. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarauta ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, sai sarakunan Haɓe suka fita suka yi arewa, bayan 'yan shekaru na yawo da tashin hankali suka kafu a Maraɗi, inda har yau mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce da shi. Tun daga nan ƙasar da ke tsakanin biranen biyu ta zama fagen hari da ramuwar gayya kusan ƙarni guda, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Amma duk da haka ba a taɓa rasa falke da jakinsa a cikinta ba, domin dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kuma bukatar gishiri da kanwa da tufafi ba ta jiran a yi sulhu.

Da Turawa suka zo, Ingilishi suka shiga Katsina a 1903, Faransawa kuma suka mamaye arewa, sai aka yi ta zama a Turai ana ja-in-ja a kan taswira: aka ƙulla yarjejeniya a 1898, aka gyara ta a 1904, aka sake gyarawa a 1906, sa'an nan aka turo hafsoshi biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Da wannan aiki ne Jibiya ta faɗa ɓangaren Ingilishi, Maraɗi ta faɗa na Faransa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, kuma shekaru da dama gyaɗar ƙasar Maraɗi kudu take gangarowa ta Nijeriya domin ta sami jirgi zuwa teku, har sai a 1953 da Faransawa, saboda kishin kuɗinsu da tashar jiragen ruwansu, suka shirya a riƙa kwashe ta da manyan motoci zuwa Parakou a ƙasar Dahomey, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Sun buɗe wannan hanya ne domin kaya su fita, ba su san cewa wata rana da ita za a riƙa shigo da kaya Nijeriya ba.

Haka kuwa aka yi. A zamanin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, da kuma shekarun arzikin man fetur da suka biyo baya, gwamnatocin Ikko suka yi ta hana shigo da kaya iri-iri, taba da atamfa da sauransu, alhali kuwa mutane na da kuɗi kuma suna son kayan. Sai alhazan Maraɗi suka ga ƙofa, suna sauke kaya a Kwatano da sunan kayan wucewa, su hau da su har ɗakunan ajiya na Maraɗi, daga nan abokan cinikinsu na Katsina da Kano su san yadda za su yi da sauran 'yar tazarar da ta rage. Wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi sukutum a kan waɗannan alhazai a 1986. Ita kuwa hukuma, duk sa'ad da abin ya ishe ta, sai ta rufe ƙofa: an rufe iyakar daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, an sake rufewa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu 2022, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Mutumin Jibiya dai ya daɗe da sanin cewa buɗewa da rufewa, a sha'aninsa na yau da kullum, galibi a wani gari mai nisa ake yanke hukuncinsu.

Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sabon abu ya fi ƙarfin talaka da ma'aikaci, sai kayan hannu suka cika kasuwa, gwanjo da firji da rediyo da mota, har ya zamana idan an ce abu ɗan Kwatano ne kowa ya gane cewa Bature ya mora ya bari, amma da sauran ƙarfinsa. Kwamfuta ta makara a cikin wannan ayari. Kafin 2001, shekarar da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, sai a manyan ofisoshi da 'yan shagunan buga takardu na birane ake ganinta, babba mai akwati da talabijin, wadda ba ta motsi daga teburinta. Abin da ya sauko da ita ƙananan garuruwa hukuma ce da kanta, ba sha'awa ba: rajistar jarrabawa ta koma intanet, hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013 ta mayar da ita wajibi a 2015, bankuna suka zo da lambar BVN a 2014, a ƙarshen 2020 kuma aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa. Takardun fiton kwastan su ma suka koma na'ura, ta yadda wakilin da ke fitar wa ɗan kasuwa kaya a bakin iyaka ba ya rabuwa da ita. Kuma tun da wuta ba ta tsayawa, kwamfutar da ta dace da wannan ƙasa ita ce ta cinya, wadda ake kira laftof, mai ɗauke da batirinta a cikinta.

Ta hanyoyi biyu take isowa wannan yanki. Babbar hanya ita ce ta Ikko, inda ake sauke kaya a tashar jiragen ruwa, su bi ta kasuwannin Ikeja da Alaba, su hauro Kano, wajen 'yan titin Beirut da Farm Centre, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su rarraba su Katsina da garuruwanta, wasu ma su ƙetara da su Nijar. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da wata cibiya da ke Ibadan ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Nijeriya kowace shekara, mafi yawansu cushe a cikin motocin hannu da aka yi lodinsu daga tashoshin Turai. Ɗaya hanyar ita ce tsohuwar nan ta gyaɗa, daga Kwatano zuwa Maraɗi. Mai ido yana iya gane wadda kwamfuta ta biyo tun kafin a gaya masa: idan ya dubi layin farko na haruffa ya ga ya fara da Q da W, wataƙila ta ƙasar masu Turancin Ingilishi ce, idan ya ga A da Z, M kuma ta hau layin tsakiya kusa da L, lambobin sama ba sa fitowa sai an danne wani madanni, to daga ƙasar Faransa ta fito ko Beljiyam. Cajarta ma shaida ce, domin ta Faransa ƙafafu biyu gare ta masu zagaye, ta Ingila uku masu kusurwa. Sau da yawa za ka ga an liƙa wa madannan ƙananan takardu masu haruffa domin a mayar da Bafaranshiya Ba'ingilishiya, alhali a ƙarƙashin takardar tana nan yadda aka ƙera ta.

Nufina da wannan dogon bayani shi ne mai karatu ya gane cewa kwamfutar hannu ba ta zuwa fara fat. Tana zuwa da ɗabi'un da maƙeranta suka dasa mata, da waɗanda ma'aikatar da ta fara mallakarta ta ƙara mata, dukansu kuwa an tsara su ne domin wata ƙasa da wani hali dabam da namu. Daga cikin waɗannan ɗabi'u akwai guda wadda ta zo a baya-bayan nan, ƙarama a ido, amma tana da illa a nan fiye da can: watau mutum ya ɗaga murfi kawai, bai taɓa maɓalli ba, sai na'ura ta kunna kanta.

Shi murfin kansa yana da tarihi. Kwamfutar da ta fara shahara da wannan siffa ta fuska mai kifewa a kan madannai ita ce GRiD Compass, wadda wani Bature ɗan Ingila, Bill Moggridge, ya zana, aka fitar da ita a Amurka a 1982, kuɗinta ya haura dala 8,000, har hukumar sararin samaniya ta Amurka ta riƙa tafiya da ita cikin kumbo. Abin mamaki, ba ta da batir, sai an jona ta da wuta. Murfinta kuwa kariya ce kawai, ba ya ba da umurni. Da batir ya shigo cikin irin su Toshiba T1100 a 1985, da PowerBook na Apple a 1991, da ThinkPad na IBM a 1992, sai aka ga bukatar na'ura ta san an rufe ta, domin kada fuskarta ta yi ta ci da wuta a banza. Dabarar farko ɗan ƙaramin tsinke ne na roba kusa da maƙalar murfi, wanda murfin ke dannewa idan ya sauko. Waɗanda suka riski tsofaffin laftof za su tuna yadda ƙura takan maƙale shi, fuska ta ƙi kawowa, sai an sa allura an zaƙulo shi. Daga baya aka bar tsinke, aka ɓoye ɗan maganaɗisu a gefen murfi, aka sa wata 'yar na'ura mai jin kusantarsa a gangar jiki, bisa ga wata ƙa'ida da masani Edwin Hall ya gano tun 1879. Idan maganaɗisun ya kusanto ta ce an rufe, idan ya nisanta ta ce an buɗe.

A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka haɗu suka shimfiɗa ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta rarrabe halayen na'ura daki-daki, kamar yadda fukaha'u kan rarrabe hukunce-hukunce. Akwai halin farke. Akwai halin barci, inda komai ke tsayawa amma aikin da ake ciki yana nan a ƙwaƙwalwa, ana ciyar da ita da 'yar wuta kaɗan. Akwai barci mai nauyi, inda ake kwafe aikin a ajiye shi a faifai, a yanke wuta. Sa'an nan akwai kashewa. Bisa wannan tsari, shekaru wajen ashirin al'ada ta zauna a kan cewa ɗaga murfi yana tayar da mai barci, amma wadda aka kashe ba ta tashi sai mai ita ya sa yatsa ya danna maɓalli da nufi. Wannan kuwa ya yi daidai da tarbiyyar da muka gada a zaure, inda almajirin ilmi yakan kwance igiyar gafaka, ya fitar da takardu, ya gyara zama, amma karatu bai fara ba sai ya ƙudurta niyya ya yi bisimilla. Kwance igiya aiki ne na hannu wanda ko yaro zai iya yi, farawa kuwa hukunci ne na mai littafi.

Wanda ya fi kowa rushe wannan bambanci shi ne kamfanin Apple, wanda daga MacBook Pro na 2016 ya sa na'urorinsa su riƙa kunna kansu da zarar an ɗaga murfi ko an jona caja, ko da kuwa a kashe suke. Ƙananan kwamfutocin Chromebook ma haka ɗabi'arsu take, sauran kamfanoni kuma, irin su Dell da HP da Lenovo, suka sa wa da yawa daga cikin sababbin ƙirarsu irin wannan hali. Hujjarsu ba ɓoyayyiya ba ce, kuma ba ta rasa ma'ana: faifan zamani ya sa tashin na'ura bai wuce 'yan daƙiƙu ba, wayar hannu ta saba wa mutane da abin da kullum a shirye yake, mai saye kuma a can, wanda soket ke jiransa a ofis da jirgin ƙasa da gidan shayi, ba ya ɗaga murfi sai don zai yi aiki. Tun da manyan ma'aikatun Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan shekara uku ko huɗu, sai ga shi waɗannan ƙira sun fara cika teburan 'yan kasuwarmu bayan 'yan shekaru kaɗan, da halinsu da komai.

To, a nan ne lissafin ya sha bamban. Wutar gwamnati, tun tana NEPA, ta koma PHCN a 2005, har aka damƙa rabonta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO a 2013, ba ta taɓa zama abin da mai sana'a zai dogara da shi kaɗai ba. Kuma wani abin dariya mai ban haushi shi ne babban layin da ke kai wa Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina yake tashi ya nufi Gazawa, yana kuma cikin layukan da aka yanke a Agusta 2023 don a hukunta sojojin Yamai. Janareta kuwa sai da mai, alhali a Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hukuncin da ya faɗa a kan Jibiya kai tsaye, kafin cire tallafin mai a Mayu 2023 ya zo ya ƙara wa wuta fetur. A irin wannan gari cajin da ke cikin batir dukiya ne da ake saye da kuɗi a shagon masu caji ko a tara shi da sola, batirin kwamfutar hannu kuwa ya riga ya tsufa, wanda ya kamata ya yi awa shida da ƙyar yake yin biyu. Kowace kunnawa da ba a nufa ba ragi ce daga wannan ɗan guziri.

Dalilan ɗaga murfi ba da nufin aiki ba kuwa sun fi a ƙirga. Hanyar Katsina zuwa Jibiya sananniya ce da yawan shingaye, kuma matafiyi mai jaka a kafaɗa yakan buɗe ta ya nuna abin da ke ciki, a ɗaga murfi a duba a mayar. Idan na'urar mai kunna kanta ce, to ta tashi ke nan, kuma idan an kife ta kafin ta gama tashi, tana iya ci gaba da aiki a cikin jaka, a cikin mota, a zafin bazara, sai an isa a tarar da ita kamar an ciro ta daga murhu, batir ya ƙare. A lokacin hunturu mai shago yakan buɗe hajarsa kowace safiya don ya kakkaɓe ƙura. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci, mai tayi goma zai ɗaga murfi ya shafa madannai ya wuce, ɗaya ne zai ce a kunna masa. Har ma akwai wata fitina da maganaɗisun nan ke haddasawa a teburin ɗan kasuwa: idan aka ɗora buɗaɗɗiyar laftof a kan wata rufaffiya, maganaɗisun ta ƙasa yakan ruɗi ta sama, ta zaci an rufe ta, fuskarta ta ɗauke, wanda bai san sababi ba sai ya rantse na'urar ta lalace, alhali matsar da ita taki ɗaya ya isa magani.

Amma inda abin ya fi muni shi ne teburin mai gyara. Ƙa'idar sana'ar ita ce ba a taɓa cikin na'ura tana da wuta, shi ya sa a zamanin da batir ke waje, mai zarewa da ɗan makulli, gyara yakan fara da cire shi. Yau batir yana ciki, a ɗaure da sukurori ko a manne da gam, sai an buɗe bayan na'ura kafin a kai gare shi. Ka dubi yaron shago da aka ba laftof ya canza mata fuska: ya kashe ta, ya kife ta, ya kwance sukurorin baya, ya jera su a murfin gwangwani, sa'an nan ya juyo ta ya ɗaga murfi don ya sami hanyar ciro siririyar wayar da ke kai hoto, a wannan ɗagawa na'urar ta tashi ba tare da ya lura ba, ya zare wayar wuta na gudana a cikinta, wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba ya ƙone a kan bod, watau babban allon cikin na'ura, aikin dubu kaɗan ya koma na dubu da yawa. Haka kuma idan ruwa ko shayi ya zube a kan madannai, abin da hankali ke bayarwa shi ne a kashe, a buɗe murfi, a kife ta ta tsane. Amma mai kunna kanta sai ta mayar da wannan taimako ya zama ajalinta, domin ruwa da wuta idan suka haɗu a kan bod, tsatsa da ƙonewa ne sakamako. Saboda haka ƙwararru ba sa yin komai sai sun fara zare igiyar batir daga bod.

Alhamdu lillahi, a yawancin na'urori an bar ƙofar gyara wannan hali, sai dai an sa ta a lungun da ba kowa ke leƙawa ba. Da farko ya kamata a bambance abu biyu da mutane kan cakuɗa. Abin da Windows ke tambaya a sashen wutarta, cewa me za a yi idan an rufe murfi, barci ko barci mai nauyi ko kashewa ko ba komai, hukuncin rufewa ne. Shi kuwa kunna kai daga kashe ba a hannun Windows yake ba, domin a lokacin ita kanta ba ta tashi ba. Yana cikin BIOS, watau ƙaramin tsarin da ke zaune a kan bod, wanda ke farkawa kafin komai. Ana shigarsa ne da danna wani madanni daidai lokacin da sunan kamfani ya bayyana: F2 a na'urorin Dell, F10 a na HP, F1 a ThinkPad. A can, a sashen da ya shafi wuta, ake samun layin da ke maganar kunnawa idan an buɗe murfi, a cire masa alama, a ajiye, a fita; kusa da shi galibi akwai ɗan'uwansa mai maganar kunnawa idan an jona caja, wanda shi ma abin dubawa ne a garin da wuta ke zuwa tsakar dare ba sallama. A wasu ƙirar Lenovo ana samun wannan zaɓi a cikin manhajarsu ta Vantage. Sai dai a kula: a na'urori da yawa wani ɗan batir mai kama da kwabo ne ke riƙe da waɗannan zaɓuɓɓuka, kuma idan ya mutu, alamarsa ita ce agogo da kwanan wata su riƙa ɓacewa, to na'ura takan koma halinta na asali, sai an canza shi an sake gyarawa.

Na'urorin Apple ba su da irin wannan ɗaki, sai dai a rubuta musu umurni a manhajar Terminal. A masu injin Intel, masu gyara sun daɗe da sanin wani saiti mai suna AutoBoot da ake kashewa kafin a kwance na'ura. Da kamfanin ya koma injin kansa a 2020, wannan dabara ta daina aiki, aka zauna shekaru babu mafita, har farkon 2025 da ya bayyana wani saitin mai suna BootPreference, ga masu tsarin Sequoia ko wanda ya biyo bayansa, inda mutum zai zaɓi ya hana kunnawar murfi kaɗai, ko ta caja kaɗai, ko duka biyun. Duk da haka bai saki ragamar gaba ɗaya ba, domin taɓa kowane madanni yana tayar da na'urar, don haka mai goge ƙura da tsumma bai tsira ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan hali yana da ranarsa. Maɓallin kunnawa yana daga cikin abubuwan da ke fara gajiya a tsohuwar na'ura, a wasu ƙira kuma a haɗe yake da sauran madannai, ta yadda canza shi yana nufin canza su duka. Wanda maɓallinsa ya mutu, murfi mai kunnawa rahama ne gare shi, kuma babban kuskure ne ya kashe wannan zaɓi, don zai kulle kansa a waje. Amma wannan rahama ita ce kuma mafakar mai ha'inci, domin yana iya ɗaga murfi a gaban mai saye, na'ura ta kawo tangaram, a yi ciniki a rabu, ba a taɓa gwada maɓallin ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ma'aikatun da suka fara mallakar waɗannan na'urori sukan sa wa BIOS kalmar sirri domin kada ma'aikatansu su sauya komai, kuma ba kullum ake cire ta ba kafin a sayar da su gwanjo. Na Apple ma sukan zo a ɗaure da asusun mai su na farko ko da rajistar wata ma'aikata. Irin wannan na'ura tana aiki lafiya lau, sai ranar da mai ita ya so ya gyara wani hali nata, ya tarar da ƙofa a garƙame, mabuɗin kuwa yana hannun wani ma'aikaci a wata ƙasa wanda bai san da Jibiya a duniya ba. A ganina wannan aibi ne cikakke, irin wanda malamanmu na mazhabar Malikiyya suka yi bayani a babin ciniki na Risala da Muhtasar, inda suka wajabta wa mai sayarwa bayyana abin da ya sani na aibin hajarsa, suka kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano abin da aka ɓoye masa wanda ke rage daraja. Mallaka ba ta cika sai da ikon tasarrufi, kuma wanda ya biya kuɗin na'ura amma ba shi da ikon ce mata kada ta tashi sai ya so, an sayar masa da ita ne da ragi. A tsohon tsarin fatauci na wannan hanya, dillali da fatoma ba don la'ada kaɗai suke zaune ba. Su ne lamunin baƙo, su ke duba haƙoran doki da ƙafar raƙumi kafin a sallama, kuma sunansu ne ke zubewa idan aka cuci wanda ya sauka a hannunsu. Ban ga dalilin da zai sa a sauke wa dillalin kwamfuta wannan nauyi ba.

Saboda haka, ya kai mai niyyar sayen laftof ta hannu, a Jibiya kake ko Katsina ko Maraɗi, kada ka miƙa kuɗi sai an kashe ta ƙurmus a gabanka ka kunna ta da maɓallinta da yatsanka, sa'an nan a shiga da kai BIOS ka ga cewa ba ta neman kalmar sirri, a nuna maka layin murfi da na caja, ka zaɓi abin da ya dace da wutar garinku da irin tafiye-tafiyenka. Idan mai haja ya ce ba ya da lokacin wannan, ka mayar masa da kayansa ka matsa shago na gaba.